Sarki da Dogari: yadda kiwon Auta ya tafi, daga Afrilu zuwa bajekolin gunduma

Asabar, 6 ga Afrilu, 2024

Mun share tsohon ɗakin dabbobi na bayan gida. Shekara uku ke nan muna haya a wannan gidan gona a gabashin jihar Iowa, ba mu taɓa ajiye komai a ɗakin ba sai tsoffin tayoyi da injin yankan ciyawa. Da azumi a bakina na kwashe baro goma sha ɗaya na busasshen taki, wanda na tabbata ya girmi Auta.

Ita ta jawo mana aikin. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar, tun bara kuma ta shiga ƙungiyar 4-H ta yaran karkara. Bara zane da biredi ta kai bajekolin gunduma, ta dawo tana cewa ita ma dabba take so ta nuna, kamar ƙawayenta 'ya'yan manoma. Ga wanda bai san abin ba, gundumomin nan kowace tana da bajekolinta sau ɗaya a shekara, lokacin zafi. Yara su kawo shanu da tumaki da awaki da aladu da kaji da suka yi kiwo da hannunsu, alƙali ya duba, a raba kintinkiri, a yi gwanjo. Malaman gona na Jami'ar Jihar Iowa ke riƙe da ƙungiyar, suna da ofis a duk gundumomi 99 na jihar.

Sharaɗinsu ɗaya ne mai girma: dabba ta yaro ce, shi zai yi mata hidima, shi zai rubuta lissafi. Auta tana da littafinta na ƙungiya. Wannan nawa ne. Tun ina ɗan shekara tara nake turke ragon sallah a garinmu can kudancin Katsina, saboda haka na ce mata ta kwantar da hankalinta, malami yana gida.

Asabar, 13 ga Afrilu

An sha ruwa ranar Laraba, yau muka je sayen 'yan raguna. Dattijon da ya ba mu hayar gidan, wanda ya daina noma amma bai daina sa ido ba, shi ya kai mu a a-kori-kurarsa wurin wani makiyayi, tafiyar minti arba'in.

Gaskiya da na gan su sai jikina ya yi sanyi. Baƙin kai, baƙin ƙafa, jiki cike da gashi kamar katifa, ba ƙaho, an yi musu fiɗiya tun suna jarirai, wutsiya kuma an guntule ta saura ɗan dungu. Haihuwar Janairu ne, gaurayen Hampshire da Suffolk. Wanda ya saba ganin Balami fari sol yana taku, ko Uda mai rabi baƙi rabi fari da ƙaho shimfiɗe, zai ce waɗannan ba su gama zama raguna ba. Na nuna wani mai ƙaton ciki na ce shi za mu ɗauka. Dattijo ya yi murmushi, ya kama hannun Auta ya ɗora a gadon bayan wani siriri, ya ce ta shafa daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu. Tsawon wurin nan da kaurinsa, in ji shi, shi alƙali yake nema, sai cikar cinya. Ciki ba ya cin gasa.

Biyu ta zaɓa: dala 325 da dala 300. Bashi ne na ba ta, ta sa hannu a takarda. Na ce a sa musu suna Kilishi da Balangu don kada ta manta inda za su ƙare. Ta harare ni ta gefen ido, ta ce babban Sarki, ƙaramin Dogari, tunda duk inda babban ya nufa yana biye.

Laraba, 17 ga Afrilu

Sun daina kukan uwa. Abinci sau biyu, shida na safe da shida na yamma, na buhu da aka haɗa musamman don tumakin gasa, dala 21 buhun laba 50. Ingiricin alfalfa cikin tafin hannu kawai kowane ci. Dattijo ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu sayi gishirin lasa na shanu, akwai tagulla a ciki, tana taruwa a hantar tumaki ta kashe su.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ranar awo a filin bajekoli. Layin motoci da tirela tun bakwai na safe, ga iska mai sanyi. An maƙala wa kowanne lambar ƙungiya a kunne, aka hau da su sikeli: Sarki laba 74, Dogari laba 67. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce, amma a nan ba mai maganar kilo, don haka da laba zan ci gaba. Daga wannan awon za a lissafa abin da kowanne ya ƙara a kullum har ranar gasa. Ana so su kai wajen 120 zuwa 140.

Mu kaɗai ne baƙaƙe a layin, Auta kaɗai mai ɗankwali. Wata uwa ta ga muna kokawar sauke Dogari daga bayan mota, ta aiko ɗanta ya kama mana. Ba wanda ya tambaye mu komai sai wurin wa muka sayi ragunan.

Asabar, 4 ga Mayu

Allurar rigakafi ta biyu, ta cutar cin-da-yawa da sandarewar haƙori. Dattijo ya yi wa Sarki, Auta ta yi wa Dogari a ƙarƙashin fata, bayan ƙafar gaba, hannunta na rawa. An yanke kofato. Ta kuma gama horon YQCA na kula da dabbar da za a ci, wanda in babu takardarsa ba a barin yaro ya nuna dabba.

Ni dai ragunan nan ba su cika mini ido ba. Rago a turke ya kamata a ce kullum bakinsa na motsi. Na sayo ɗan buhun dusar alkama da na ɓarzajjen masara, dala 26, ina ɗan zuba musu da hantsi in ta tafi makaranta. Na kuma ɗebi kanwa a kicin na jefa musu a ruwa, yadda Inna take yi. Ban sa a lissafinta ba, kyauta ce.

Lahadi, 12 ga Mayu

Koyon tafiya da ragama. Sarki ya gane a kwana uku. Dogari in an ja shi sai ya zube ƙasa ya miƙe ƙafafu kamar mushe. Auta ta yi kuka sau ɗaya, ta yi dariya sau biyu. Dabarar ita ce a sa Sarki gaba.

Mun kira Inna ta bidiyo. Ta ƙura wa ragunan ido ta ce, “Kishiya, wa ya cinye musu wutsiya?” Auta ta ce, “Kaka, ke dai kina baƙin ciki na fi ki dukiya.” Inna ta ce da tunkiya ɗaya ta fara, ita ta yi mata kayan ɗaki, amma ba ta taɓa jin an yi kiwo don a ba mutum ƙyalle ba.

An shigar da lambobin kunnensu a shafin ƙungiya. Ranar 15 ga wata ake rufewa, wanda ya makara ya yi asarar shekara.

Talata, 21 ga Mayu

Jiniya ta yi kuka da yamma, muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Auta ta so ta je ta shigo da ragunan, mamanta ta riƙe ta. Mu iska da ruwa kawai muka samu. Can kudu maso yammacin jihar guguwa ta ratsa garin Greenfield, ta rushe gidaje, an yi rashin rayuka. Allah Ya kiyaye gaba.

Asabar, 1 ga Yuni

Awo da sikelin Dattijo: Sarki 99, Dogari 93. Dogari ya kusa kamo yayansa. Na ji daɗi a raina, na san dalili. An yi hutun makaranta, yanzu sai bayan sallar asuba nake samun damar kai musu dusar. Wasu ƙwari masu jan ido da ke fitowa daga ƙasa sau ɗaya a shekara 17 sun cika itatuwan bakin rafi, ƙararsu har cikin kai.

Talata, 11 ga Yuni

Ranar da ba zan so ta maimaitu ba.

Ƙarfe shida Auta ta shigo da gudu, ta ce Dogari bai taɓa abinci ba. Na je na same shi a lungu ya miƙe jiki, ya baje ƙafafun baya, yana yunƙuri, ɗan dungun wutsiyar na karkarwa. Yana cizon haƙora ƙaras-ƙaras, can sai ya ɗaga ƙafa ya shuri cikinsa. Na ce kumburin ciki ne ko taurin kashi, a ba shi man gyaɗa. Auta ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinsa ta ce, “Abba, ba kashi yake so ya yi ba. Fitsari ne. Duba, ƙasan a bushe yake.” Ta shafo gashin gaban mazakutarsa ta nuna mini yatsa, wani abu fari-fari kamar gishiri. A horon da ta yi aka nuna musu hoton.

Likitar dabbobi ta iso ƙarfe takwas da rabi. Ta taɓa mararsa ta ce tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsari, mafitsara ta cika tam, in aka kai gobe tana iya fashewa. Ta yi masa allurar kwantar da jiki, muka zaunar da shi a kan gindinsa kamar mutum, ni ina riƙe da ƙafafun gaba. A ƙarshen mazakutar rago akwai wani ɗan siririn abu kamar tsutsa, nan tsakuwa ta fi maƙalewa. Ta sa almakashi ta datse shi. Shiru. Auta ta kama rigata. Can sai ɗigo, sai ɗigo, sannan ya ɓalle, ja-ja-ja da farko, har ya jiƙa mini wando zuwa gwiwa. Ban taɓa murna da fitsarin dabba a jikina ba sai yau.

Sai likita ta ce a nuna mata abincinsu. Auta ta kawo takardar buhu da littafinta, komai a rubuce, awo da lokaci. Likita ta karanta ta ce wannan abincin daidai yake, kalsiyam ninki biyu na fosfaras, har da amoniyam kulorayid a ciki don hana tsakuwa. Ta tambaya ko akwai wani abu da suke ci ban da shi. Auta ta ce babu. Ni na yi shiru na ɗan lokaci, wanda na ji kamar shekara, sannan na je bayan injin yankan ciyawa na jawo buhunan.

Likita ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce dusa da masara fosfaras ne ya yi musu yawa, sun ɓata ma'aunin da aka haɗa abincin a kai. Na ce har da kanwa a ruwa. Ta sa na kawo, ta duba, ta tambayi yadda muke amfani da ita, ta ce in haka ne ta ƙara dagula abin, don maganin da ke cikin abincin so yake fitsari ya yi tsami ya narkar da tsakuwa, kanwa kuwa kashe tsami take yi. Ga shi an yi musu fiɗiya da wuri, hanyar fitsarinsu ba ta buɗe sosai ba.

Dala 185. Ta bar maganin ɗura na kwanaki, ta rubuta ranar da allurar za ta gama fita daga namansa, ta ce Auta ta manna takardar a littafi. Ta ce abin yana iya dawowa, kuma in ya toshe can sama babu sauran abin datsewa.

Auta ba ta ce mini komai ba duk yinin.

Alhamis, 13 ga Yuni

Yana fitsari, kaɗan-kaɗan amma yana yi. Ya ci rabin abincinsa. An wanke bokitin ruwa, an sa biyu, ga farin gishiri a gefe don su riƙa sha da yawa.

Na kwana biyu ina juya abin. Shekara nawa muna ba raguna dusa da kanwa a gida ban ga haka ba? Sai da na zauna da Dattijo muka warware. Namu ba a yi musu fiɗiya. Kuma rabin cikinsu harawa ce, ta wake ko ta gyaɗa, ita kuwa cike take da kalsiyam, tana gyara abin da dusa ta ɓata ba tare da mun sani ba. Na ɗauko rabin hikimar Inna na bar rabin a Katsina.

Bayan magariba na same ta a ɗakin ragunan tana ɗura wa Dogari magani. Na ce, “Auta, na yi miki laifi.” Ta ce, “Abba, ba dusar ba ce. Likita ta tambaye ni na ce babu, ka sa na yi ƙarya.” Ban da amsa. Mun yi yarjejeniya: ba na sake zuba komai a komin, in ina da shawara in faɗa da baki, kuma kuɗin likita a kaina. Ta sa na rubuta a littafinta da hannuna abin da na ba su da ranar da na fara. Shugabar ƙungiyarsu za ta karanta shafin nan a ƙarshen shekara.

Kajin Dattijo sun gaji dusar.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar sallah. Mun je idi Cedar Rapids, garin da ke da tsohon masallacin nan da aka gina a 1934. Bayan an sauko wani ɗan'uwa ɗan Nijar da ya ji muna kiwo ya ce ai da na sayar masa da ɗaya. Na ce ko na so ba za su yi layya ba. Watansu biyar, ba su isa ba. Fiɗiya ba ta hana layya, amma wutsiyar da aka yanke fiye da sulusi tana hanawa a mazhabarmu ta Malikiyya, waɗannan kuwa ko sulusin ba a bar musu ba. Ga raguna biyu a bayan gida, na tura kuɗi gida an yanka mini a can.

Asabar, 22 ga Yuni

Zafi da gumi. An sayi fanka, dala 40. An yi musu askin farko da injin Dattijo don su sha iska, sun fito kamar wasu dabbobi dabam, yanzu ne ma na ga abin da ake nufi da cinya. Sarki 113, Dogari 97. Laba huɗu kacal ya ƙara a mako uku. Arewa maso yammacin jihar ambaliya ta ci garuruwa.

Talata, 2 ga Yuli

Gwajin nuna dabba a gonar shugabar ƙungiya, yara tara. A fili ba a amfani da ragama. Hannun hagu a ƙarƙashin haɓa, a ja rago a zagaya, in an tsaya a daidaita ƙafafunsa huɗu, sannan yaro ya sa gwiwa a ƙirjinsa, shi kuma ya turo, naman baya da na cinya su ɗaure lokacin da alƙali zai taɓa. Rago kullum yana tsakanin yaro da alƙali. Duk wannan Auta ta iya.

Abin da ya gagara shi ne ido. Ana so yaro ya riƙa kallon alƙali ido cikin ido, don da ɗan yatsa ko gira yake ba da umarni. Mu kuwa shekara goma sha ɗaya muna koya mata in babba na magana ta sunkuyar da kai. Shugabar ta tsaya a matsayin alƙali, ta yi nuni sau biyu, Auta na kallon ƙasa, layi ya wuce ya bar ta. A mota na ce mata a cikin filin nan kaɗai na yafe, ta zuba wa mutumin ido kamar ya ci bashinta. Muka dawo gida na tsaya tsakar gida ina alƙali. Ta kalle ni daƙiƙa uku ta fashe da dariya. Ni ma abin ya yi mini wani iri.

Da muka dawo ta wanke su da sabulun kashe makero, don sun gogi tumakin wasu. Dala 30 da feshi.

Alhamis, 4 ga Yuli

Wasan wuta na ranar 'yancin kai. Sun firgita, sun zubar da ruwa. Ba wani abu.

Asabar, 13 ga Yuli

Tafiya kullum da sassafe, zuwa akwatin wasiƙa da dawowa sau huɗu, sannan ɗan gudu. Yau askin ƙarshe, ƙwal-ƙwal har fata, an bar gashi daga gwiwa zuwa ƙasa kawai. Wani saurayi da ya gama ƙungiyar ya yi, dala 20 kowanne. An sa musu riguna don kada su yi datti. Mamansu ta ce ta ga ranar da rago ya fi ta sutura.

Litinin, 15 ga Yuli

Iska mai ƙarfi da yamma, reshe ya faɗo kan shinge, wuta ta ɗauke zuwa dare. Mun gyara da tocila.

Laraba, 17 ga Yuli

Shiga fili. Kafin a sauke kowace dabba likita yana dubawa, yana shafa fata yana leƙa baki. Yaron da ke gabanmu, bai fi shekara goma ba, aka samu tabon makero ɗanye a wuyan ragonsa, faɗin kwabo. Aka ce ya koma gida da shi, don yana yaɗuwa har ga mutane. Uban bai yi musu ba, ya rufe tirela. Yaron ya zauna a gaban mota ya ja hula ya rufe fuska. Auta ta ga komai, ta ƙara riƙe igiyar Dogari.

Namu sun wuce. Sikeli: Sarki 131, Dogari 114. Kwana 81 daga awon farko, Sarki ya ƙara 57, Dogari 47.

Rumfar tumaki tana jingine da ta aladu, sai haƙuri. Ana ba da maki har a kan tsabtar wuri, don haka tsintsiya ba ta barin hannun yara. Abincin filin rabinsa naman alade ne, mun zo da kular dafa-duka da zoɓo. Zoɓon bai kai la'asar ba, iyayen ƙungiya suka shanye.

Alhamis, 18 ga Yuli

An raba aji-aji bisa nauyi. Dogari ya fara shiga, su bakwai. Alƙalin, wani dogo mai hular kaboyi, ya shafa bayansa, ya matsa cinya, ya wuce. Na shida, jan kintinkiri. Da ya ɗauki makirufo yana bayani, ya ce ragon yana da tsari amma bai cika ba, kamar wanda ya tsaya a hanya. Auta ta waiwayo ta dube ni a bayan shinge. Na duba takalmina.

Sarki cikin tara. Alƙali ya jawo shi na biyu, ya koma ya sake taɓa shi da na ukun, ya sauya su. Na uku, shuɗin kintinkiri. Ya ce tsawon baya babu kamarsa a ajin, amma kitse ya ɗan rufe haƙarƙari fiye da yadda yake so. Wannan ma na san masarar wa ce. A kasuwar Funtuwa da kitsen nan ne abin yabo.

Da la'asar aka yi gasar iya nunawa, wadda yaro ake aunawa ba dabba ba. Ƙananan yara goma sha huɗu. Kowa ya ɗauka Sarki za ta shiga da shi, sai ta jawo Dogari, ta ce shi ya fi sanin gwiwarta tun ɗurar magani. Ban san inda ta samo idon ba, ko ƙiftawa ba ta yi. Alƙali ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya a hankali. Ya daɗe a wurinta, na ga tana magana tana nuni da hannu, shi yana gyaɗa kai. Ta zo ta biyu.

Na tambaye ta me ya ce. Ta ce tambayarta ya yi wace matsala ta fi ba ta wahala a kiwon, ta ba shi labarin tsakuwa, da biyu-bisa-ɗaya na kalsiyam da fosfaras, da kwanakin jiran fitar magani. Na ce ta faɗa masa wanda ya jawo? Ta ce, “Na ce wani ne a gidanmu.”

Asabar, 20 ga Yuli

Gwanjo. A gundumarmu dabba ɗaya yaro ke shigarwa, kuma abin da 'yan kasuwar gari ke tayawa tukwici ne a kan kuɗin nama. Tun makon jiya Auta ta rubuta wasiƙu biyar da hannu ta kai bankin gari da shagon abincin dabbobi da wasu, tana gayyatarsu. Mai gwanjon yana zuba magana kamar maroƙi ya ga gwamna, ban tsinci komai ba sai da ya buga: dala 475 a kan Sarki. Ta je ta gaishe da wanda ya saya, ta kai masa ruwan sanyi, aka ɗauki hoto.

Wani abokina ya ce zai sayi Dogari a yanka a raba, in ta yarda. Na kai mata maganar da baki, yadda muka yi alkawari. Ta ce a'a, ba ta son ta san tukunyar. Su tafi tare, Dogari bai taɓa kwana ba Sarki ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Babbar mota ta zo shida na safe. An shafa wa kowanne jan fenti a baya. Yara suka jera, kowa na jan nasa, manyan cikinsu suna ta wasa da dariyar da ba ta kai ciki ba. Auta ta kai su har bakin matakala, ta zare ragamar Sarki ya hau, Dogari ya bi shi ba tare da an tura ba. Ta dawo ta kwashe shimfiɗar wurinsu, ta share, ta wanke bokiti. Sai da muka hau titi ta fara, har gida. Mamanta ta koma baya ta zauna da ita. Na tuna ranar da aka kayar da ragona na farko a ƙofar gida, na ɓuya a bayan rumbu, kawuna yana kirana in zo in riƙe ƙafa. Ban ba ta labarin ba, na bari sai wani lokaci.

Asabar, 27 ga Yuli

Lissafi a teburin kicin, ita da kalkuleta, ni da rasit.

Raguna 625. Abinci buhu goma sha biyu 252. Ingirici 24, diddigar katako ta shimfiɗa 70. Likita 185, sabulu da feshi 30, aski 40, fanka 40, ragama biyu 24, rajista da ƙananan abubuwa 45. Jimla dala 1,335. Abin da ya shigo: naman Sarki 223, na Dogari 194, a kan dala 1.70 kowace laba, tukwicin gwanjo 475, kuɗin kintinkiri 14. Jimla 906. Giɓi 429. An cire 185 da ke kaina, saura 244 nake binta. Na ce na yafe, ta ce a'a, a rubuta, za ta biya daga na baɗi. Ta kuma ce in ƙara dala 26 na dusa a shafin asara, da sunana a gefe.

Shirin gaba. Ranar 10 ga Agusta za mu Des Moines babban bajekolin jiha, kallo kawai, tana so ta ga yadda manyan yara ke nunawa, ƙanin mamanta kuma yana so ya ga saniyar da ake sassaƙawa da man shanu. Baɗi rago ɗaya take so da tunkiya ɗaya, don tunkiya ana dawowa da ita gida. Kafin sanyi sai an canza kwano biyu a rufin ɗakin, an kuma ja ruwa zuwa ciki, don ɗaukar bokiti cikin ƙanƙara ba zai yiwu ba.

Ni kuma Dattijo ya ba ni lambar wani mai tumakin Katahdin, irin da aka samar a jihar Maine daga tumaki masu asalin Afirka. Gashi gare su irin namu, ba a yi musu aski, ba a yanke musu wutsiya. In na samu ɗan rago haihuwar bana da ba a taɓa shi ba, zai shekara kafin sallar baɗi. Auta ta amince ya zauna a ɗakin, da sharaɗin a raba da katako, komina daban, nata daban. Na kira mutumin ɗazu bai ɗauka ba, zan sake gwadawa ranar Litinin.